Ɗakin Rigakafin Unguwarmu: Allura Kyauta, Bayani Sai Mai Rabo

Sau bakwai na je ɗakin rigakafi na asibitin sha-ka-tafin unguwarmu, nan cikin Kano, daga Fabrairu zuwa Nuwamban 2024, duk saboda yarinya ɗaya. Matan gidanmu da malaman da muke koyarwa tare sun ishe ni da tambaya, wai yaya wurin yake, ko gara su lallaɓa su biya a asibitin kuɗi. Shi ne na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin ba duk abin da zan faɗa ne yabo ba, kuma gobe ma hannunsu zan koma da 'yata.

Bari in fara da laifina. Yayanta, haihuwar 2017, zuwa biyu kacal na kai shi yana jariri: na farko da na sati shida. Daren da aka yi masa ta sati shida ba mu runtsa ba. Jiki kamar garwashi, cinya ta kumbura ta yi tauri, ana taɓa ƙafar sai ya ƙwalla ƙara har ya shiɗe. Ba wanda ya ce mini haka za ta faru. An soke shi, an miƙo mini kati, an kira ta bayana. Da asuba Abbansu ya ɗauki katin ya cilla saman sif, ya ce, "Yaro lafiyarsa ƙalau kika fita da shi, kika dawo mini da majinyaci. Ba dai a gidan nan ba." Ban yi musu ba, domin a raina ni ma na gama yanke hukunci. Sai a 2023 da mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kullum rediyo na cewa yaran da ba su kammala rigakafi ba su ne ya fi kayarwa. Abbansu da kansa ya taka kujera ya lalubo katin nan, ya kaɗe masa ƙurar shekara shida, ya ja hannun yaron zuwa layin gangami. Ashe allurar da ta hana mu barci a wancan daren ita ce mai kare mashaƙon. To da aka haifi ƙanwarsa, ba a yi shawara da kowa ba.

Wurin kansa ba abin kallo ba ne. Ɗaki ɗaya da baranda, sai rumfar kwano a waje mai benci biyar. Talata da Alhamis ake yi. In kina son ki koma gida kafin azahar, ki isa ƙarfe bakwai, ki cusa katinki ƙarƙashin wani dutse da ake danne katuna da shi a kan tebur, domin dutsen nan shi ne layi. Ba a buɗe kular magani sai wajen tara. Kafin nan akwai faɗakarwa kan nono zalla wata shida da kwana a gidan sauro, a yi tafi, a yi 'yar waƙa. Rabin matan ba sa ji saboda kukan yara, sauran kuma sun haddace. Sannan awo: a tuɓe yaro, a zura shi a wani wandon leda, a rataye a ƙugiyar sikeli yana reto. Yawancinsu tun daga nan suke ɓare baki, allurar ba ta ma zo ba.

Benci biyar ba ya ɗaukar mata hamsin. A ƙarshen Afrilu, rana ta take, kwanon rumfar nan har ƙara yake yi, na ga masu jego a tsugune jikin katanga suna yi wa jarirai fifita da gefen hijabi. Tun daga zuwa na uku nake tafiya da kujerar tsuguno da maficina, kuma ban ji kunya ba.

Kuɗi kam ko sisi ba a taɓa tambayata ba, har katin. Kuma a ido na ake yage ledar sirinji, irin wanda in an danna sau ɗaya ya kulle ba ya sake ja, a jefa shi cikin kwalin da aka tanada. Akwai firji mai aiki da sola, abin da ya kwantar mini da hankali fiye da komai, don duk wanda ya san halin wutarmu ya san dalili. Magungunan nan ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ranar da na yi ƙarfin halin tambaya, aka nuna mini wani ɗan tambari a jikin kwalbar, murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu. In zafi ya taɓa maganin, murabba'in yana yin duhu, da zarar ya kamo launin da'irar an daina amfani da kwalbar. Tun daga ranar nake leƙawa, kamar mai duba ƙwai a kasuwa.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne maganar BCG, wato allurar tarin fuka ta damtse. Inda na haihu ba su da rigakafi ko ɗaya, alhali ta ciwon hanta an fi son a yi ta cikin awa 24 na farko. Kwana uku da haihuwa, ko suna ba a yi ba, na ɗaure kai na fita, Hajiya surukata tana ta faɗan maijego ba ta shan iska. Aka yi wa yarinya ta hanta, aka ɗiga mata na shan inna, aka ce ta damtse sai Alhamis. Dalilinsu na gane shi: kwalba ɗaya ta yara 20 ce, gari ne ake haɗawa da ruwansa, in an haɗa kuma awa shida sai zubarwa, don haka suke tara yara a rana ɗaya. Amma me zai hana a rubuta a jikin bango? Bangon cike yake da fastoci, ba ko ɗaya da ya ce BCG sai Alhamis. Na biya adaidaita sau huɗu da ɗanyen jiki a kan layi ɗaya da alli zai rubuta.

Ma'aikata biyu ne ke riƙe da ɗakin, kuma duk labarin wurin yana kan wadda kika faɗa hannunta. Akwai babbar Sista, mai tabarau da igiya a wuya, wadda kowa 'yata take ce masa. Akwai ƙaramar.

Sati shida, kwana kaɗan bayan na gama arba'in, cikin azumi, na faɗa hannun babbar. Ranar ita ce mai nauyi: ɗigo biyu a baki, na shan inna da na gudawa wanda ake kira rota, da aka shigo da shi a 2022 don a zamanin yayanta babu shi, sannan allura uku a cinya. Ɗaya ita ce Penta, mai haɗe da kariyar mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙe-haƙora, ciwon hanta da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Sai ta ciwon huhu daban. Sai ta shan inna ta allura. Ta fara da ɗigon. Ni kuma na miƙe zan kwantar da yarinya a kan tebur kamar yadda aka yi wa yayanta.

"A'a, 'yata, zauna. Ba ta nono tukuna."

Na zauna, na ba ta. Sista ba ta yi gaggawa ba, ta tsaya tana cike rajista har sai da ta ji yarinya ta kama sosai tana haɗiya. Sannan ta ce in manna ta a jikina, in tallafe gwiwar da tafin hannu ba tare da na matse ba, in kuma kawar da kai. "In kika zuba wa allurar ido jikinki zai sandare, ita ma ta ji." Ta yi ta farko. Yarinya ta saki nono, fuska ta yi jawur, ta buɗe baki ba sauti, irin shirun nan da ke zuwa kafin ƙara. Ta ƙwalla ɗaya, biyu, sai ta lalubo nonon da kanta ta ci gaba da tsotso tana gunaguni, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Kafin ta gama ƙorafin an yi ta biyu. Muka juya ta ɗaya ɓangaren, Sista ta ce wadda ta fi zafi ita take bari a ƙarshe. Duka-duka kukan bai kai minti biyu ba. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan shawarar tun 2015: uwa ta riƙe ɗanta, ta shayar da shi lokacin allurar ko dab da ita, a fara da marar zafi, kuma kada a ɗura wa yaro maganin zafi tun daga gida da sunan shiri. Ita dai Sista ba ta ambaci wata hukuma ba, aikinta kawai ta yi.

Sannan ta yi abin da na rasa a 2017. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Yau da daddare jikinta zai iya yin zafi, cinyar ta kumbura, ta yi ta rigima. Pentar ce, jiki ne ke koyon faɗa. Kwana ɗaya ne zuwa biyu. Kada a gasa, kada a murza, kada a shafa komai, sai tsumma mai tsabta da ruwan sanyi. Nono kuwa ko sau nawa ta nema. Amma in ta ƙi nono gaba ɗaya, ko ta yi jijjiga, ko ta saki jiki ba ta motsi, ko ta yi kuka awa uku ba tsayawa, ko kika ga jini a kashinta tana amai tana naɗe ƙafa, ko zafin ya haura kwana biyu, wannan ba na zama a gida ba ne. Ko tsakar dare ne ku nemi asibiti."

Ta duba nauyin da aka rubuta, kilo 4.6, ta rubuta mini mil 2.5 a bayan kati, bayan awa shida-shida, kuma sai in zafin ya zo. Ta ja mini kunne cewa farasitamol na yara kashi biyu ne a kemis: akwai na ruwa mai miligiram 120 a mil 5, wanda shi ta auna mini, akwai na ɗigawa mai miligiram 100 a mil ɗaya tak, ƙarfinsa ya ninka wancan fiye da sau huɗu. Wadda ta auna na biyun da ma'aunin na farko ta yi wa hantar ɗanta illa. Ban da cokalin shayi, ban da asfirin. Ta ce in zauna a rumfa rabin awa kafin in tafi, ko da jikin yarinya zai ƙi maganin nan take, abin da ta ce ba kasafai ake gani ba amma ba a wasa da shi.

Zafin ya zo ana tarawi. Na saka mata ma'aunin zafin jiki a hammata, wani ɗan ƙarami mai batir da na saya a kemis ɗin bakin titi, ya yi ƙara ya nuna 38.3. Na ba ta maganin da sirinjin awo, kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Na rage mata kaya ya zama 'yar shimi kawai. Ina cikin haka sai ga Hajiya da tukunyar ruwan zafi, tawul a kafaɗa, kwalbar man zafi a hannu.

"Miƙo mini kishiyar nan tawa in gasa mata cinyar. Jini ne ya kwanta, in ba a danna ba ƙafar za ta shanye."

"Hajiya, ku yi haƙuri, Sista ta ce kada a gasa."

"Sista ta haifi tara?"

Ba ni da amsar wannan, kuma ba a musu da Hajiya. Abbansu ne ya cece ni, ya ce, "Hajiya, a bari zuwa safiya, in bai sauka ba ni zan ɗora ruwan da kaina." Ta ajiye tukunyar tana mita, amma ba ta tafi ba. Kuma gaskiya ita ta gano abin da ya fi komai aiki a daren. Na yi niyyar goya yarinya, don goyo ne maganin rigimarta kullum, amma ina ɗaure zani sai ta ƙara tsandara ihu. Hajiya ta ce, "Ke, sauke ta, bakin zanin a kan ciwon yake." Haka ne kuwa: goyo yana ware cinyoyi, ɗaurin kuma ya faɗa daidai inda aka soka. Ta karɓe ta, ta kwantar da ita rub-da-ciki a ƙirjinta, ƙafafun suna lilo ba abin da ya taɓa su, tana bubbuga bayanta a hankali tana mata waƙar reno ƙasa-ƙasa. Ni kuma ina ɗora jiƙaƙƙen tsumma daga ruwan randa, ya ɗumame in sauya. Haka muka yi ta karɓa-karɓa, nono, ƙirji, nono, har aka fara kiran sahur. Kafin hantsi ma'auni ya nuna 37.2. Kumburin ya sace a kwana na uku, ya bar wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a cikin naman, wanda bai dame ta ba, ya yi makonni kafin ya baje.

Daren nan bai fi na 2017 sauƙi da yawa ba, in ana maganar zafi da kuka. Bambancin, wannan karon ina kallon agogo ne, ba ƙofa ba.

A daidai wannan lokacin ne kuma wurin BCG ya tashi, ya yi ƙurji ja, ya tara ruwa, ya fashe, ya yi ɓawo. Hajiya ta so ta matse, na ce an ce a bar shi ya sha iska, wanka kawai. Ya ɗauki kusan wata uku kafin ya zama tabon nan da kusan kowa ke da shi a damtse. Ita kanta da ta naɗe hannun riga muka ga nata tabon na lamba tun na ƙuruciya, muka yi dariya.

Sati goma na faɗa hannun ƙaramar. Hannunta da sauri, kuma allurarta ba ta kuskure, wannan ba zan hana ta ba. Amma ina zama na fara shayarwa sai ta ce, "Maman beibi, cire nonon nan kada ta ƙware, kin ga layi." Na ce wancan karon a haka aka yi. Ta ce wancan karon ba ita ba ce. Na cire. Aka danne ƙafa, aka soka biyu, yarinya ta yi kukan da sai da muka fita bakin get tana ajiyar zuciya. Ba a ce mini komai ba game da dare, ba a ce in jira ba, kwanan watan dawowa ma sai da na duba kati na gani.

Ni da sauƙi, na riga na ji karatun. Wadda ta tsaya mini a rai wata yarinya ce da ke bayana, ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba, haihuwar fari, ranar sati shidansu. Ta tambaya cikin sanyin murya ko akwai maganin da za ta ba shi. Aka ce mata, "In ya yi zafi ki ba shi farasitamol. Mai bi!" Shi ke nan. Wane iri, nawa, zafin na kwana nawa, oho. Na ga kaina a jikinta sak. Na tsaya a get har ta fito, na karanta mata duk abin da babbar Sista ta faɗa mini, ban da awon magani, wanda na ce ta koma ciki a rubuta mata daidai nauyin ɗanta. Ta ce tana jin tsoron a yi mata tsawa. Na raka ta. An rubuta, ana harararmu. Ban sake ganinta a rumfar ba, ko da yake mai yiwuwa ranakunmu ne suka saɓa.

Na san uzurin ƙaramar. Mutum biyu a kan mata hamsin ko sittin, ga rajista kusan uku da ake cikewa da hannu, ga ɗaki ba fanka. Sai dai babbar ma a ɗakin take, da layin nan, kuma bayaninta bai wuce minti biyu ba. Minti biyun nan su ne ke sa a dawo zuwa na biyu da na uku, kuma Penta sai an cika uku take kare yaro yadda ya kamata. In da za a tambaye ni, faɗakarwar safe da ake ɓatawa a kan tafi, a mayar da rabinta kan abin da zai faru yau da daddare, a kuma buga shi da Hausa a 'yar takarda da uwa za ta kai wa maigida da uwar miji. Su ne fa masu jefa kati saman sif.

Sati goma sha huɗu ya zo da zafi kaɗan, ya wuce. Wata shida kuwa bitamin A ne kawai, ɗan ƙwanso shuɗi da ake yanke wa kai a matse a baki, ko uffan ba ta ce ba.

Na wata tara ne ya so ya ruɗe mu. Allura uku: ƙyanda, shawara, sanƙarau. Yanzu ta yi wayo, tana ganin farar riga ta ƙanƙame ni, don haka na tafi da murfin kwano da cokali tana ƙwanƙwasawa, na zaunar da ita a cinyata tana kallona. Daren farko lafiya lau, har na ce mun tsira. Sai a kwana na takwas jiki ya ɗau zafi, ga wasu 'yan ƙuraje ja-ja a ƙirji. Da ban faɗa hannun babbar ba a wannan zuwan, ba abin da zai sa in danganta shi da allurar da aka yi tun makon jiya. Ita ta gaya mini ta ƙyanda a makare take nuna kanta, daga mako guda zuwa kwana goma sha biyu, kuma ba ta yaɗuwa ga sauran yara. Hajiya ta ce haƙori ne, a sayo maganin haƙori. Nan kam na tsaya kai da fata, na tuna mata My Pikin, maganin haƙorin da ya hallaka yara sama da 80 a ƙasar nan tsakanin 2008 da 2009, ta yi shiru don ta fi ni tunawa. Duk da haka ban zauna a kan zato ba, Nuwamba ne, sauro bai gama tafiya ba. Na kai ta aka ɗiba jini a yatsa aka yi gwajin maleriya, layi ɗaya ya fito, wato babu maleriya. Kwana biyu zafin ya sauka, ƙurajen suka bi shi.

Masu tambayar asibitin kuɗi, wata ƙawata can take kai ɗanta. Na ɗora katinsa a kan na 'yata, jadawalin ɗaya ne. Ta fi ni kujera mai laushi da sanyin na'ura, ba ta kuma san dutsen danne kati ba. Zazzaɓin dare kuwa ɗanta ma ya yi, ta kira ni ƙarfe ɗaya tana tambayar ko ta gasa.

Ni dai ina tura mata asibitin unguwarmu, da sharaɗin su je da wuri, su je da abin zama da ruwan sha, su sa wa yaro kayan da cinya ke fita ba sai an tuɓe shi tsirara ba, kuma kada su tashi daga kujerar nan sai an gaya musu abin da za su gani da daddare da awon maganin a rubuce. Na lura babbar Sista ta fi zama a teburin allura ranar Talata, Alhamis tana can wajen masu awon ciki. A lokacin da nake wannan rubutu, bayan zuwan Nuwamban 2024, saura mana bitamin A na shekara ɗaya a Fabrairun 2025, sai ƙyanda ta biyu a wata goma sha biyar, Mayun 2025. Na duba kalanda, kwanan da aka rubuta mana ya faɗa Alhamis. Zan bari sai Talatar da ke biye.